Yadda Ake Tsara Teburin Tuƙin Robot Na Tafi-da-Gidanka Don Gasar Ɗalibai

Duk wanda ya taɓa kallon bidiyon gasar robot ta ɗalibai a YouTube, idonsa kan tsaya ne a kan robot ɗin: yadda yake sheƙa gudu, ya suri ƙwallo, ya jefa ta a raga, ya ɗare kan ƙarfe. Ba kasafai ake lura da matasan da ke tsaye a bakin fili ba, balle kayan da suka shimfiɗa a gabansu. Waɗannan kayan su ne teburin tuƙi, wato kwamfuta ko wayar Android, hannayen gem, maɓallai, da kebul ɗin da ya haɗa su wuri guda. Ta nan kowane umarni ke fita zuwa ga robot. Idan kebul ɗaya ya zare ana tsakiyar wasa, robot ɗin da aka shafe watanni ana ginawa zai tsaya cak, abokan hamayya na ta kwasar maki a gabansa.

A yau za mu duba yadda ake tsara irin wannan tebur, wanda mutum ɗaya zai iya ɗauka a hannu, ya girke shi cikin ɗan lokaci, ya kuma naɗe abinsa ya ba na baya wuri.

Wace gasa ake nufi?

Mafi shahara a wannan fanni su ne gasannin ƙungiyar FIRST, wadda wani mai ƙirƙire-ƙirƙire ɗan Amurka, Dean Kamen, ya kafa a shekarar 1989. Babbar gasarta, wadda ake taƙaita sunanta da FRC, ta fara ne a 1992. A cikinta robot shida ke shiga fili lokaci guda, uku na karawa da uku, kowanne nauyinsa na iya haura kilo 50, filin kuma ya kai kimanin mita 16 a tsawo da mita 8 a faɗi. A yawancin shekarun baya-bayan nan wasan minti biyu da rabi ne kacal: daƙiƙa 15 na farko robot ke tuƙa kansa da kansa, sauran lokacin kuma ɗalibai su karɓi ragama.

Ƙanwarta ita ce FTC, mai ƙananan robot da ba sa wuce inci 18 ta kowane ɓangare a farkon wasa, biyu na karawa da biyu. Ita ce ta fi kusa da mu masu waya a hannu, domin tun 2015 aka mayar da tsarin sarrafa robot ɗinta kan Android. Akwai kuma FIRST Global, wadda aka fara a birnin Washington a 2017, inda kowace ƙasa ke tura tawaga guda, Najeriya ma na cikin masu halarta. Kayan da ake amfani da su a can dangin na FTC ne.

Tsarin tebur ya bambanta tsakanin waɗannan gasanni, amma matsalolin kusan iri ɗaya ne.

Doka ce ke fara zana maka tebur

Kafin kafinta ya yanka katako ko guda, a buɗe littafin dokokin gasar na wannan shekarar. Na wannan shekarar fa, domin FIRST na sake wasa duk shekara, wasu ƙa'idoji kuma na sauyawa tare da shi.

A FRC kowace tawaga na da gurbinta a ƙarshen fili, bayan wani kakkauran gilashin roba. A gurbin akwai kanta mai faɗin kimanin ƙafa ɗaya daga gaba zuwa baya, kebul na Ethernet da ke haɗa kwamfutarku da na'urorin fili, soket ɗin wuta guda, da jan maɓallin tsayar da robot na gaggawa. Doka ta ce teburin da za ku ɗora a kan kantar kada ya wuce ƙafa 5 a tsawo, kimanin santimita 152 ke nan, kada kuma wani ɓangarensa ya haura santimita 198 daga ƙasa. An kuma ƙayyade iya zurfinsa. Sannan an haramta duk wata sadarwa marar waya a kan teburin, ban da wadda fili ya tanada. Ma'ana, hannun gem ɗinka na Bluetooth da ka saba buga ƙwallo da shi, a gida zai zauna.

Akwai wani ɗan abu a kan kantar da sababbin tawagogi kan raina: doguwar Velcro, maɗaurin nan mai ƙaya-ƙaya da ake gani a takalman yara. Ɓangaren mai laushi ne aka manna a kantar, ku kuma sai ku manna mai ƙayar a ƙarƙashin teburinku. Amfaninsa na bayyana ne ranar da robot mai kilo 50 ya zo da gudu ya daki bangon da kuke tsaye a bayansa. Kantar gaba ɗaya takan girgiza, kwamfutar da ba a manne ta ba kuma tana iya tsintar kanta a ƙasa.

Soket ɗin ma da sharaɗinsa. A filayen Amurka wutar bolt 120 ce, kuma an kare ta da abin yanke wuta mai amfiya 2, wato abin da za ka iya ja bai wuce wat 240 ba. Manyan kwamfutocin gem masu ƙatuwar caja, idan aka haɗa musu da ƙarin sikirin, suna iya kaiwa wannan iyaka. Don haka a tsara teburin da zai iya kammala wasa ko da soket bai ba da wuta ba. Wannan darasi dai ba sai an koya wa wanda ya girma da ɗaukewar wuta ba.

Kebul: inda aka fi shan kashi

A nan ya kamata a fi ɓata lokaci, domin a nan yawancin tawagogi ke faɗuwa.

A FRC kwamfutar tuƙi na aika wa robot saƙo duk bayan milisakan 20, sau 50 ke nan a daƙiƙa guda. An tsara robot ɗin ta yadda da zarar saƙon ya yanke zai kashe injinansa da kansa, don kada ya ci gaba da gudu ba mai riƙe da shi. Tsari ne mai kyau ta fuskar kariya, amma yana nufin ko ɗan motsin da bakin kebul zai yi a cikin raminsa ya isa ya tsayar da ku. Kafin sadarwa ta dawo an ci daƙiƙoƙi masu tsada, a wasan da duka-duka kimanin minti biyu da rabi ne.

Mai karatu ya san yadda ramin cajin waya ke lalacewa: yau ka soka, gobe ka zare, wata rana sai ka karkata kebul ɗin kafin ya kama. Haka ramin Ethernet na kwamfuta yake, kuma a gasa guda ana iya soka masa kebul a zare sau da dama a yini, cikin gaggawa, da hannun yaron da zuciyarsa ke bugawa. Maganin da gogaggun tawagogi ke yi mai sauƙi ne. Sukan soka wani gajeren kebul a jikin kwamfutar su bar shi nan dindindin, su ɗaure shi a jikin tebur, ɗaya bakin nasa mai rami shi ne ke karɓar kebul ɗin fili. Idan ya gaji, a jefar a saka wani, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da gyaran kwamfuta. Yana da kyau kuma a ajiye ƙaramar na'urar da ke mayar da USB zuwa Ethernet a cikin akwati, saboda ranar da ramin ya ƙi gaba ɗaya.

Haka za a yi wa kebul ɗin hannayen gem. Direba idan wasa ya yi zafi yakan matsa gefe, ya yi ɗage, ya ja da baya, kebul na biye da shi. Idan ba a ɗaure ba, duk wannan ja a kan ramin USB yake ƙarewa. Sai a samu maɗaurin roba a ɗaure kebul ɗin a jikin katako, a bar ɗan lanƙwasa tsakanin ɗaurin da ramin, ta yadda in an fizga, ɗaurin ne zai sha wahalar.

A FRC akwai ƙarin tarko. Manhajar tuƙin, mai suna Driver Station, tana karɓar na'urorin USB har shida, kowacce da lambar gurbinta. Idan hannun direba da na mataimakinsa suka yi musayar gurbi, sai ka ga mai tuƙi ya tura sanda gaba amma hannun robot ne ya ɗaga. Manhajar na ba da damar kulle kowace na'ura a gurbinta, a yi hakan tun a gida. Sannan kowane direba ya haddace cewa idan hannun gem ya zare aka mayar da shi ana cikin wasa, maɓallin F1 ne ke sa manhajar ta sake nemo shi. A wajen atisaye kuma, Enter na dakatar da robot, dogon maɓallin tazara kuma na kashe shi kashewar gaggawa, wadda ba ta warwarewa sai an sake tayar da ƙwaƙwalwar robot ɗin. Saboda haka kada a tsara tebur ta yadda gwiwar hannu ko hannun gem zai riƙa faɗawa kan allon rubutu.

Wani abokin gaba da ba a gani shi ne tartsatsin lantarkin da jiki ke tarawa, irin wanda kan ɗan ja ka idan ka taɓa ƙofar mota ko ka cire rigar sanyi. Filin FTC an shimfiɗe shi ne da tabarmar soso, tayoyin robot na gurzarta suna tara caji, kuma an san wannan tartsatsi da katse sadarwar USB. Busasshiyar iska ce ke ƙara masa ƙarfi, don haka masu atisaye a Kano ko Zinder lokacin hunturu za su fi kowa gamuwa da shi. Gajeren kebul mai inganci na taimakawa, musamman mai ɗan kumburin nan kusa da bakinsa, wanda aikinsa shi ne tace hayaniyar lantarki.

Kwamfuta ko waya

Manhajar tuƙi ta FRC da aka daɗe ana amfani da ita a kan Windows take aiki. Ba ta buƙatar kwamfuta mai tsada. Abin da ake nema shi ne batir mai rai, isassun ramukan USB, da jiki mai jure wahala. A ganina tsohuwar kwamfutar ofis mai ƙwari ta fi sabuwa siririya mai rami biyu dacewa da wannan aiki nesa ba kusa ba. A keɓe ta ga tuƙi kawai, ban da kallon fim, ban da sauke gem. A shiga saiti a hana ta yin barci, a hana ta kashe ramukan USB da sunan tattalin batir, a kuma gama duk wata sabuntawar Windows kwanaki kafin gasa. Ba abin takaici kamar a kira lambar tawagarku, kwamfuta kuma ta ce a jira ta gama sabunta kanta.

A FTC da FIRST Global abin ya fi sauƙin ɗauka. Kamfanin REV Robotics na yin wata na'ura mai suna Driver Hub, wadda a zahiri Android ce mai sikirin inci 5, da ramukan USB uku na soka hannayen gem kai tsaye. Ita ke magana ta Wi-Fi da ƙwaƙwalwar robot, wato Control Hub. Kafin zuwanta wayoyin Android ake amfani da su, har yanzu ma wayar na da amfani wajen atisaye, sai dai a gasa dole a duba jerin na'urorin da aka amince da su a shekarar.

Mai amfani da waya zai buƙaci kebul na OTG, wanda ke ba wayar damar karɓar na'urorin USB, da kuma ƙaramin marabin USB idan direbobi biyu ne. A nan ga wani abu da ake mantawa: wayar ce ke ciyar da hannayen gem da wuta, don haka batirinta zai riƙa zuba fiye da yadda aka saba. A saka ta a yanayin jirgin sama, a kunna Wi-Fi kaɗai, a kashe Bluetooth, a goge duk wasu hanyoyin Wi-Fi da ta taɓa hawa don kada ta bar robot ta koma neman na makaranta. Idan na'urorin na iya hawa zangon 5 GHz, ya fi 2.4 GHz sarari a zauren da ɗaruruwan mutane ke ɗauke da wayoyi. Dokar FTC ta kuma buƙaci a raɗa wa na'urar suna da lambar tawaga, a ƙara DS a ƙarshe, ta robot kuma RC.

Abin da hannu ke riƙewa

Yawancin tawagogi kan raba aiki biyu: direba na kula da tafiyar robot, mataimakinsa na kula da hannu, ɗagawa da jifa. Bayansu akwai koci mai kallon fili gaba ɗaya yana ba da umarni. Wajibi ne teburin ya ba mutum biyu damar tsayawa kafaɗa da kafaɗa ba tare da sun takura juna ba, ya kuma tanadi wurin ajiye hannayen gem, tunda a lokacin da robot ke tuƙa kansa an hana direbobi taɓa komai. Da ƙararrawa ta kaɗa za su suri kayansu, to ya zama kowa ya san inda nasa yake ko da ido a rufe. Ɗan salatif mai launi, ja ga direba, shuɗi ga mataimaki, ya wadatar.

Hannun gem da ya fi yawa a waɗannan gasanni shi ne Logitech F310, sai na Xbox mai kebul. F310 na da wani ɗan makunni a bayansa mai haruffan X da D, kuma a kan X ake son ya zauna. Yakan goce a cikin jaka, shi ya sa wasu ke liƙe shi da salatif. A FTC direba na farko na danna Start da A tare don manhaja ta san shi, na biyu kuma Start da B.

Sandar hannun gem lamba take aikawa, daga -1 zuwa 1, sifili a tsakiya. Idan ta tsufa ba ta komawa sifili daidai, sai ka ga robot na rarrafe shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi. Masu buga gem sun san wannan cuta. Ana magance ta a cikin manhaja ta hanyar umartar robot ya yi watsi da duk lambar da ba ta kai misalin 0.1 ba. Wata dabarar ita ce ninka lambar da kanta: rabin turawa, wato 0.5, sai ya koma 0.25, cikakkiyar turawa kuma ta zauna a 1. Da haka direba ke samun laushin hannu wajen daidaita robot a hankali, bai kuma rasa gudunsa ba.

A FRC an yarda tawaga ta ƙera allon maɓallanta. Ana amfani da ƙananan alluna irin Arduino Leonardo ko Raspberry Pi Pico, waɗanda kwamfuta ke iya ɗauka a matsayin hannun gem, a jona musu manyan maɓallai. Yana da amfani idan wasan shekarar na da wuraren ajiye kaya da yawa, sai a jera maɓallan daidai da yadda wuraren suke a fili, mataimaki ya danna guda robot ya kai hannunsa can. Amma fa nan ne son burgewa ke shigowa. Za ka ga tebur da maɓalli talatin da fitilu kala-kala, alhali yaron da ke gabansa guda shida yake taɓawa. Duk maɓallin da direba zai sunkuyar da kai ya nema, ya ɗauke masa ido daga fili. Gara kaɗan, masu bambancin girma da siffa, waɗanda yatsa zai gane da kansa. Wanda kuskuren danna shi zai jawo ɓarna, kamar na fara hawa ƙarfe a ƙarshen wasa, a sa masa murfi. A FTC kuwa babu wannan 'yanci, hannayen gem da ke cikin jerin doka kawai ake shiga da su.

Sikirin

Direba fili yake kallo, sikirin na mataimaki da koci ne. Manhajoji irin su Shuffleboard da Elastic na ba da damar zaɓar abin da za a nuna, kuma abin da ya cancanci wuri kaɗan ne: ƙarfin batirin robot, tsarin tuƙa-kai da aka zaɓa, da babban akwati mai sauya launi idan robot ya kama abin da ake so ya kama. Hoton kyamara na taimakawa idan robot ya shige bayan wani gini a ɗaya ƙarshen filin. A wasan 2019 ma labule aka riƙa saukewa a gaban direbobi na daƙiƙa 15 na farko, wanda ke son tuƙi a lokacin sai ta kyamara. Sai dai fili na ƙayyade yawan data da kowace tawaga za ta ja, 'yan megabit kaɗan a daƙiƙa, don haka a rage girman hoton. Hoto mai ɗan dishi-dishi da ke zuwa a kan lokaci ya fi tangararan da ke makara.

Akwatin kansa

Sai a ƙarshe ake zuwa ga abin da mutane ke fara tunani a kai. Siffofi biyu suka fi yawa: shimfiɗaɗɗen allo mai mariƙi, ko akwati mai buɗewa kamar jakar hannu. Allo ya fi arha da saurin girkawa. Akwati ya fi kare kaya daga ƙura da faɗuwa, kuma ga mai doguwar tafiya a mota shi zan zaɓa. Falankin katako marar kauri sosai ya isa, kafintan unguwa zai iya haɗa shi a yini guda idan an ba shi awo daidai. A manne kwamfutar da Velcro, kada a toshe mata ramukan shan iska, a rufe kebul a ƙarƙashin wani murfi da za a iya buɗewa ba tare da neman sukudireba ba. A gwada nauyinsa da mafi ƙanƙantar ɗalibi a tawaga, domin sau da yawa manyan na can suna ɗaukar robot.

Masu fita waje su tuna bakin soket ya bambanta. Najeriya da Gana irin na Ingila suke amfani da shi mai ƙafa uku, Nijar irin na Turai mai zagayayyun ƙafafu, Amurka kuma nata daban. Yawancin cajojin kwamfuta na karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, a duba rubutun da ke jikinsu, sannan a sayi adafta tun a gida. Batirin lithium na ajiya da fawa bank ba a saka su a kayan da ke shiga cikin cikin jirgi, a jakar hannu ake riƙe su, kuma iyakar da aka saba yarda da ita ba tare da neman izini ba ita ce 100 Wh. Fawa bank mai 20,000 mAh bai wuce kimanin 74 Wh ba, don haka zai wuce.

Kafin ranar gasa, a ɗauki agogo a yi atisayen girkawa: daga shigowa da akwati a hannu, zuwa manna shi a kanta, soka kebul, da ganin alamar sadarwa ta koma kore. A maimaita har sai ya zama jiki. Sannan a sa direbobi su yi tuƙi a tsaye, daga nesa daidai da ta fili, wani kuma ya zo ba sanarwa ya zare kebul guda, a ga daƙiƙa nawa za su ɗauka kafin robot ya sake motsi.